A Kife A Ci, A Rigingine A Zubar

A ƙauyenmu na Nogiwa, da zarar an gama yankan shinkafa ganyen manyan itatuwan dutse da muke kira buna ya fara zama rawaya, ba ka jin wata hira sai ta naman kazan daji, irin wanda ke tsirowa jikin matattun itatuwa a kan dutse. Kowa ya goya kwando ya hau, in ya sauko kuma ba ya wucewa gidansa sai ya biya gidan Onuma an duba masa. Haka muka taso muka tarar. Dalili kuwa akwai wanda ake kira muki, mai daɗi a miya, akwai kuma tsukiyo, kamarsu ɗaya, kuma a kan gungume ɗaya suke fitowa kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya ci tsukiyo amai da gudawa za su kwantar da shi sai an ɗauka, tsoho ko mai rauni kuwa ba lalle ya tashi ba. Kowa ya san in an tsaga gindin tsukiyo akwai baƙin tabo a ciki, amma wani lokaci tabon dishi-dishi ne, sai idon da ya saba. Ga kuma wasu iri goma sha da su ma suke da 'yan'uwa masu cutarwa.

Tsuyako ba 'yar dutse ba ce. Daga Sakata aka kawo ta, bakin teku, 'yar masu sayar da kifi, tana da shekara ashirin da biyu. Uwarta ta rasu tana goye, yayarta Mitsue ce ta raine ta, ita ta yi mata kitson makaranta, ita ta ɗinka mata kayan aure, ita kuma ta rako ta har ƙofar gidan Onuma ta koma tana sharar hawaye a motar haya.

Mijin, Genzo, a lokacin ba ya zama. Kamar sauran mazan ƙauyen, da an kai shinkafa rumbu sai ya tafi Tokyo aikin titi, ba a ganinsa sai ƙanƙara ta narke. Uban mijin, tsoho Rokuro, shi ne mai duba wa gari naman kaza, ga shi gwiwa ta fara ba shi matsala, yana neman mai ɗaukar masa kwando. Babu kowa a gidan sai amarya, sai aka ɗora mata. Tsohon nan bai taɓa zaunar da ita ya ce ga yadda ake yi ba, zagi kawai ya iya. Sai suna cikin tafiya ya ɓalle wani abu jikin gungume ya jefo mata, ya ce mene ne wannan. In ta faɗa daidai ya yi gaba, in ta kuskure ya ce ai ba laifinta ba ne, laifin wanda ya je neman mutum a kasuwar kifi ne. Shekara goma sha ɗaya tana bin bayansa. Kafin ya kwanta ciwon ajali, yatsunta sun san santsin fatar muki ko ta rufe ido, hancinta kuma yana jin tsukiyo tun ba ta juya shi ba.

Tsoho ya rasu da bazara. Da kaka ta zagayo, Genzo bai riga ya tafi ba, sai ga mutane da kwanduna a barandar gida, suna gaishe shi suna kiransa Malam. Mu nan mun ɗauka ido a jini yake, ɗan Rokuro ai Rokuro ne, ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa yaushe mutumin da ke Tokyo kowace kaka ya koyi abin da ba ya fitowa sai da kaka. Genzo ya ce bari ya wanke hannu, ya shiga madafa, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin da ake yi. Tsuyako tana tsugune tana hura wuta, ba ta ko ɗago ba, ta ce masa:

"Zan zube su a kan jarida. Wanda na kife a ci, wanda na bari a rigingine a zubar."

Ya fita ya zauna, ta biyo shi da tsohuwar jarida ta shimfiɗa, ta shiga jera kayan mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyara wa maigida wuri. Ya ɗauki na kife ya shinshina, ya ɗaga shi sama ya duba, ya ja dogon numfashi ya ce a ci. Ya ɗauki na rigingine ya girgiza kai. Daga wannan rana, shekara talatin da huɗu, maganar ba ta sake haɗa su ba ko sau ɗaya.

A gaskiya Genzo ba mugun mutum ba ne, kuma aikin ya yi masa kyau. Yana da murya, yana da zama, ya iya yin shiru har mai kwando ya fara tsarguwa. Ya daina zuwa Tokyo. Wata shekara wani ɗan jarida ya hawo ya ɗauke shi hoto, aka buga, in ka duba gefen hoton da kyau za ka ga yatsun Tsuyako uku. Daga nan baƙi suka fara zuwa daga birni da motocinsu, har Genzo ya sa aka rubuta masa allo ya rataye a ƙofa.

Ita kuwa abin da ya same ta shi ne, daga tsakiyar Satumba har ƙanƙarar farko, ba ta isa ta wuce ƙofar gida ba. Ba a sa wa mai kwando lokaci, ko banɗaki ta shiga kunnenta na waje. Bikin ɗan yayarta ya faɗo a Oktoba, ta aika cewa ciwon baya ya kwantar da ita. Ubansu ya rasu a Oktoba, ta je da safe ta juyo da yamma, aka yi ta maganarta a dangi. Mitsue kaɗai ta san gaskiya, ita ma don ta matsa ne. Takan yi mata tsiya a waya, ta tambaye ta wai mutum aka aura mata ko ruɓaɓɓen icce. Amma ba ta taɓa cewa ta fasa ƙwan ba, domin ita ma ta san abin da kunyar miji take nufi a ƙaramin gari. Sai dai duk ƙarshen Nuwamba ta bugo ta ce, to, masu kwando sun sake ki?

Bana Genzo ya cika saba'in da tara, kai ya fara kwancewa. Ya manta sunan maƙwabta, ya manta ya ci abinci, wata rana ya sa takalmansa a firij. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar wa Tsuyako da hankali shi ne ya manta maganar madafa. Bai manta shi Malam ba ne, wannan kam yana nan daram, abin da ya goge masa shi ne yadda aka yi ya zama Malam. Yanzu da zuciya ɗaya ya yarda ya sani. Sai ta jera kaya a jarida, ya miƙa hannu ya ɗauki na rigingine, ya shinshina da natsuwarsa ta kullum, ya ce wannan a dafa shi da tofu, wato awara.

Sai ta ɓullo da wata dabara. Takan raka mai kwando har ƙofa, ta ce bari ta gyara masa igiyar goyo, hannu ɗaya na gyara, ɗaya na zare mugayen tana cusawa a aljihun gaban rigar aikinta. Mace mai shekara sittin da bakwai ta koma sane a ƙofar gidanta, kullum gabanta na faɗuwa kada ta bar ɗaya.

Ana cikin haka, ranar Litinin, Yasuhiro ɗan Mitsue ya bugo waya. Ya ce an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, ciwon ya ci jiki fiye da yadda aka zata, likita ya ce maganar kwanaki ce. Motar haya kuwa tun da aka rage mana ita sau uku take hawowa a mako, Talata, Alhamis da Asabar, da safe. Tsuyako ta ce wa Genzo su shirya su tafi tare a motar Talata. Ya dube ta kamar ta ce su sayar da gidan, ya ce a tsakiyar kaka, wa zai duba wa mutane? Ta ce to ita za ta je. Ya ce ta je mana, shayi ai ko Tomeno maƙwabciya ta iya dafawa. Ta cire allon ƙofa ta ɓoye bayan rumbu. Mutumin da ba ya iya gano tabaransa a saman kansa, cikin rabin sa'a ya nemo allon ya mayar. Motar Talata ta zo ta tafi tana tsugune tana jera wa wasu baƙi kaya.

Ranar Laraba da hantsi baranda ta cika. Akwai maza uku na ƙauye, ga Tomeno, maƙwabciyarta ta shekara arba'in, mace mai baki amma marar iya cewa a'a. Kwandon Tomeno aka zube, akwai tsukiyo biyu manya-manya a ciki, Tsuyako ta bar su a rigingine. Genzo ya ɗauki babban, ya yaba faɗinsa, ya ce rabon da ya ga muki irin wannan tun zamanin babansa.

Ba ta shirya ba, bakin ne kawai ya buɗe.

"Maigida, tsukiyo ne. Ajiye shi. Ba ka san su ba, ba ka taɓa sanin su ba. Ni ce nake jera maka tun ranar farko."

Ɗaya daga mazan ya shiga kallon ƙafarsa. Tsuyako ta ji wani sanyi da ta manta irinsa, kamar ta sauke kwandon da ta goya tun tana amarya. Ta jira duniya ta kife.

Genzo ya dube ta, ya dubi mazan, sai ya kece da dariya.

"Ku ji 'yar masu kifi. Ke da ko jatan lande sai an nuna miki kansa."

Mazan suka taya shi dariya da sauri, irin dariyar mutanen da aka buɗe musu ƙofar fita. Aka koma hirar ɓarnar birai a gonar wake. Kafin shayi ya huce Genzo ya manta an yi wata magana, har yana tambayarta ko ta ba baƙi alawar wake. Maganar da ta riƙe shekara talatin da huɗu ba ta yi minti goma a duniya ba.

Ta shige madafa, Tomeno ta biyo ta ta ja ƙofa.

"Ke kuma me ya kai ki? A gaban maza?"

"Kin ji ai. Ku daina kawo masa, bai san komai ba."

"Tsuyako, wa ya ce miki ba mu sani ba? Tun shekarar farko. Mutum yana Tokyo yana fasa kwalta, a ina zai koya? Hannunki muke kallo, shi kuma mu gaishe shi. Bana ma da kike sa mana hannu a kwando, kin ɗauka ba ma ji? Ni har sassauta igiyar nake yi don ki ji daɗin satar."

Tsuyako ta tsaya da ludayi a hannu. Ba daɗi ta ji ba, haushi ta ji. Ashe duk garin nan sun san a ɗaure take, suna wucewa suna yaba ɗaurin. Bikin da ba ta je ba, zaman makokin ubanta da ta bari, duk don ta rufe abin da yake a buɗe. Kuma ni mai ba ku labarin nan ina cikin waɗanda suka sani, na kai kwando gidan ya fi sau ɗari, ban taɓa ce mata sannu da aiki ba. Mun ɗauka kara muke yi musu su biyun, alhali kuwa sauƙin kanmu muka bi.

Daga nan ta gaya wa Tomeno halin da Mitsue ke ciki. Tomeno ta dafe ƙirji ta hau ta da faɗa, wai yayarta na kwance tana nan tana wasa da ruɓaɓɓen icce. Ta ce gobe ta hau mota, ita za ta bi gida-gida ta ce kada wanda ya kawo kwando har kwana uku, za ta kuma zauna da Genzo, duk baƙon da ya zo ta ce Malam ba ya jin daɗi.

Da la'asar Yasuhiro ya sake bugowa. Muryarsa ta dishe.

"Inna, in za ki zo, ki zo gobe. Ban ce jibi ba. Ɗazu ta farka ta tambaya ko ƙanƙara ta sauka a wajenku, na ce tukuna, sai ta ce to kada a dame ki."

Tsuyako ta ce masa tana tafe.

Alhamis da safe ta sa tufafinta masu kyau, waɗanda ba ta sawa sai zuwa birni, ta ɗaure kayanta a ƙyalle. Genzo yana baranda yana jiran mutanensa, ya tambaye ta ina zuwa, ta faɗa masa karo na uku. Tomeno ta zo ta zauna da saƙarta a bakin ƙofa kamar mai gadi. Tsuyako ta gangara, tafiyar minti ashirin zuwa gada inda mota ke tsayawa. Rabon da ta taka hanyar nan a watan Oktoba ba tare da sauri ba har ta manta. Dutsen duk ya yi ja da rawaya, ta tsaya tana kallonsa, ita da a shekarun nan kaka a kan jarida take ganinta.

Saura minti biyar mota ta iso sai ga wata farar ƙaramar mota mai lambar birni ta tsaya a gabanta. Saurayi ne ke tuƙi, matarsa a gefe da tsohon ciki, bel ɗin kujera da ƙyar ya zagaye ta. Ya sauke gilashi ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gidan Malam Onuma. Ta ce Malam ba shi da lafiya, ba ya ganin kowa. Ya ce ayya, to tun da sun riga sun zo daga nesa bari su ƙarasa ko gaisuwa ce su yi. A kujerar baya akwai kwando an rufe shi da ganye, gefen wani naman kaza ya leƙo, ruwan ƙasa, faɗinsa ya kai tafin hannu.

"A jikin buna kuka samo?"

"E, Iya, gungume guda, cike."

"Buɗe in gani."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsohuwa mai son hira.

"Kada mu wahalar da ke, Iya. Malam za mu kai wa, mun karanta labarinsa."

Matar ta sunkuyar da kai ta yi godiya, gilashi ya hau, suka haura.

Motar haya ta ɓullo ta kan gada ta tsaya, ƙofa ta buɗe. Tsuyako ta sa ƙafa ɗaya a matakala. Ta san Tomeno, in baƙo ya rusuna mata sau biyu ta gama narkewa. Ta san Genzo, kunnensa bai tsufa ba, da ya ji ƙarar mota zai riga kowa isa ƙofa. Faɗin abin nan da ta hanga ya yi yawa, irin na tsukiyo, kuma gungume guda ne, ga ciki wata takwas ko tara. Ta kuma san ɗakin da Mitsue ke kwance tafiyar awa uku ce daga nan, Mitsue kuwa ta ce kada a dami ƙanwarta ne don ta saba ba ta uzuri.

Direba ya leƙo ya ce, "Iya, shiga za ki yi ko kuwa?"

Ba wanda ya riƙe ta. Ta sauke ƙafarta ta ba shi haƙuri, ƙofa ta rufe.

Hawan ya ɗauke ta kusan rabin sa'a, tana haki, ƙunshin kayanta na dukan cinyarta. Yadda ta zata haka ta tarar. Baƙi na zaune a baranda, an zube kwando a kan katako ko jarida babu, Tomeno na gefe tana murza yatsu ta kasa haɗa ido da ita, Genzo kuwa ya riga ya yanke hukunci, yana koya wa matar yadda ake saɓule fatar kafin a sa a miya. Saurayin ya gane ta.

Ba ta gaishe da kowa ba. Ta durƙusa da tufafinta na birni, ta ɗauki wuƙar da ke gefen Genzo, ta jawo babban nan da ta hanga. Tun da yatsunta suka taɓa fatarsa ta san amsar, amma ta tsaga gindin. Fari fat. Ta ɗauki na biyu ta tsaga, fari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana juyawa, tana shinshinawa, tana tsagawa, har ashirin da bakwai. Muki ne duka, lafiyayyu, irin waɗanda mutum kan shekara biyar bai ci karo da su ba.

Genzo ya girgiza kai ya ba baƙi haƙuri, ya ce haka take, ba ta san kan abin ba amma sai ta sa hannu ta ɓata wa mutane kaya. Matar ta ce ba komai, ai dama yankawa za su yi. Tomeno ta matso ta ce a hankali akwai motar jibi, ita kanta ba ta ƙarasa maganar da ƙarfi ba.

Tsuyako ta zauna tana kallon fararen gindin nan a jere a gabanta. Shekara arba'in da biyar tana tsaga su, kullum fatanta ta tarar da fari. Yau ta sake jawo na ƙarshen ta ɗaga shi wajen haske, ta ƙara tsaga shi gida huɗu, tana neman baƙin tabo ko da kamar ƙwayar riɗi ne, babu.

"Ke," in ji Genzo, "kin bar baƙi ba shayi."